Shanun Laka a Aji Ɗaya

Hedimasta ya gaya mini cewa da ya tambaye ku ajin da kuke so a ba ku don gwajin koyarwa, dukkanku kun ce aji ɗaya. Ya ce da ya nemi dalili, ɗayanku ya ce ai aji ɗaya waƙa ce da tafi, ba dogon shirin darasi, ba gyaran jarrabawa. Ban ga laifinsa ba, haka abin yake ga mai leƙe ta taga. Ku jawo bencin nan inuwa in gaya muku abin da ke cikin ɗakin. Sunana Ummaru, mutumin Wurno ne ni, kuma tun da na fara malanta ban riƙe wani aji ba sai shi. Na yi Lahodu, na yi Magarya, na yi wajen Rabah da wajen Goronyo, aka dawo da ni gida inda zan ajiye alli.

Aikin farko da aka ba ni a Lahodu shafen allo ne. Allon lokacin siminti ne a jikin bango, ya koɗe ya yi toka-toka, in ka yi rubutu da alli sai ka matso kafin ka gani. Ana neman tsofaffin baturan tocila a fasa, a kwashe baƙin garin da ke ciki, a kwaɓa da ƙaro da aka jiƙa tun jiya, a shafa da tsumma. In ƙaro ya yi yawa allo ya yi ƙyalli, yaran da ke gefen taga ba abin da za su gani sai haske. In ya yi kaɗan, baƙin ya biyo alli ya ɓata maka riga. Wadda ta sa ni aikin Malama Saratu ce, 'yar ƙasar Zuru, Kirista, wadda ta riƙe aji ɗaya a makarantar tun ina ɗan firamare a wani gari. A ƙarƙashinta aka ajiye ni in koyi aiki.

Da na gama shafen na tsaya ina jiran yabo. Ta ce, “Malam Ummaru, je ka bayan aji ka zauna a ƙasa.”

Na ce, “A ƙasa, Malama?”

Ta ce, “Inda yara suke zama. Daga can za ka duba aikinka.”

Na naɗe riga na zauna. Rabin allon na sama ƙyalli kawai yake yi. Ta ɗauki alli ta yi rubutu daidai tsayinta, sai na ga in yaro zai karanta sai ya ɗaga kai kamar mai neman wata. Ta juya baya tana rubutu, jikinta ya rufe abin da take rubutawa. Ta ce haka zan zauna har ƙarshen zangon karatu, ba zan taɓa alli ba. Haka kuwa aka yi. A ƙasan nan na gane cewa yaron da ke wasa a baya, sau da yawa ba ya ganin allo ne, kuma wanda ke kuka da hantsi bai karya kumallo ba ne, ba rashin son karatu ba.

Kayan aikinta suna cikin wani tsohon akwatin ƙarfe. Akwai murafen kwalba da 'ya'yan tsamiya na ƙidaya. Akwai farantai da take zuba yashi a ciki, yaro ya zana baƙi da yatsa, in ya ɓata ya girgiza ya sake, ba mai ganin kuskurensa balle a yi masa dariya. Akwai baƙaƙe da wasula da ta yanka daga kwalin sabulu, kowanne girman tafin hannu. Bulala ma akwai, a saman akwatin, amma nuni take yi da ita a allo. Waɗannan su ne kayan aikina har yau. An kawo mana littattafai masu hotuna a wasu shekaru, wasu shekarun ba a kawo ba. Kwali da yashi ba su taɓa yankewa ba.

Ranar da ta fara ba ni alli na rubuta ba, be, bi, bo, bu. Na faɗa, yara suka amsa. Na sake, suka amsa da ƙarfi har 'yan aji biyu suna leƙowa. Kafin mako ya ƙare, da na ɗaga bulala sun rera shi tun ban nuna ba. Na ce mata sun iya, a wuce gaba. Ba ta yi musu ba. Ta goge allon, ta rubuta bu, bi, ba, bo, be, ta nuna na farko. Ajin duka ya ɗauka, “Ba, be, bi, bo, bu!”

Ta miƙo mini allin ta ce, “Bakinsu ya koya. Idonsu bai san an yi ba.”

Wannan shi ne tarkon aji ɗaya, kuma shi ne abin da kuka ji ta taga kuka ce waƙa. Aji mai ƙara yana daɗa wa malami rai, mai wucewa ya ce ana karatu. Sai yaro ya kai aji huɗu a ba shi takarda ya riƙe ta a juye. Hanyar gane gaskiya ita ce ka kira yaro shi kaɗai, ka zube kwalayen a gabansa a hargitse, ka ce ya ɗauko maka wanda sunansa ya fara da shi. Aiki ne mai cin lokaci, ba ya da ƙara, kuma ba wanda zai yabe ka a kansa.

Wata dabarar da na ɗauka a wurinta ita ce kuskuren ganganci. Takan nuna hoton akuya ta ce, “Ga tunkiya.” Yaron da bai taɓa buɗe baki ba sai ka ji ya ce, “A'a Malama, akuya ce!” Ta ce mini yaro yana iya haƙuri da yunwa, amma ba ya iya haƙuri ya ga babba ya ɓata abin da shi ya sani.

Masu kawo mana aiki iyaye ne, kuma su ba ruwansu da tsarin darasi. A Magarya, lokacin cirar albasa, aji yakan rage saura kaɗan, don kowane hannu ana bukatarsa a fadama. Wani manomi, Malam Garba, ya zo da kansa ya tsaya bakin ƙofa da laka a ƙafa, ya ce ɗansa Sani zai ɗauka.

Ya ce, “Malam, ba rainuwa ba. Mi yaron ga ka koyo nan? Kullum in yad dawo waƙa nika ji.”

Na ce, “Shina koyon karatu da rubutu.”

Ya ce, “Rubutun mi? In waƙa ta, uwatai ta iya.”

Na ce ya bar mini shi da safe, ya ɗauke shi in an tashi, zuwa ranar da zai ɗaure buhu. Ya yarda ba don ya gamsu ba. Na san abin da ke damun masu albasa: in an loda buhuna a mota zuwa kasuwa, na mutum biyar a haɗe, rigima takan tashi wajen saukewa, kowa da alamar da ya yi da gawayi, alamun kuma suna kama da juna. Na zaunar da Sani na koya masa baƙaƙen sunan ubansa. Da yashi ya fara, ya koma gawayi a jikin bango. Ranar ɗaurin buhu ya rubuta GARBA a kan kowanne, wasu a karkace, na ƙarshen ma ya manta baƙi guda. Bayan kwana kaɗan maƙwabtan gonarsu biyu suka zo tambaya ko nasu 'ya'yan sun kai wurin rubuta suna. Tun daga nan, duk yaron da ya iya sunansa, abin da nake bi masa da shi sunan ubansa ne ko na uwarsa. Mutum yana riƙe abin da ya ga inda zai sa shi.

Shekarar da ta fi kowacce wuya ina wata makaranta a wajen Goronyo. Bayan an gama girbi mutanen ƙauyukan da ke gabas da mu suka fara shigowa, 'yan bindiga sun tashe su. Ba inda za a sa su sai makaranta. Ajujuwa suka zama ɗakunan kwana, aka ɗaura igiyar shanya daga taga zuwa taga, wasu bencuna suka shiga murhu, kuma ba wanda ya iya cewa don me. Muka koma gindin itacen dogon yaro. Allo yana jikin bango, ba ya ɗaukuwa, sai na samu wani tsohon ƙyauren katako na shafe shi na jingina da itacen. Yarana suka ninka, don 'ya'yan baƙin ma an ce su zauna. Alli ya ƙare muka koma gawayi da yatsa.

Abin da ban taɓa gani ba a aikin sai wannan shekara shi ne yadda ƙarar babur ke watsa aji. Da an ji shi daga nesa, yaran baƙin sun miƙe, wasu su faɗa bayan itace, wasu su ruga wurin iyayensu, sai a daɗe ana tattaro su. Muka yi shawara mu malamai, kowa ya riƙa kashe babur ɗinsa tun daga bakin titi ya turo shi da hannu. Bulalar nuni ma na ajiye ta, na koma nuni da yatsa.

A cikinsu akwai wani yaro Bello, ɗan shekara bakwai ko kusa. Kakarsa ce take kawo shi, wata tsohuwa siririya da ake kira Inna Kulu. Ba ya sakin bakin zanenta, saboda haka ita ma sai ta zauna a kan saiwar itacen a bayan yara, tana saƙar faifai. Na kira sunansa bai amsa ba. Na miƙa masa farantin yashi bai karɓa ba.

Inna Kulu ta ce, “Malam, ba kurma na ba, shina ji. Tun randa anka kore shanunmu bai ƙara magana ba. Shi ka kai su ruwa.”

Na ce, “Ba komi, Inna. A bar shi shi zauna.”

Ban tambayi inda ubansa yake ba, ita ma ba ta faɗa ba.

Kusa da mu akwai rijiya, inda ruwa ke zuba ya yi laka. Bayan wasu makonni Bello ya fara sakin zanen, ya je ya ɗebo lakar ya dawo kusa da kakarsa ya zauna yana gina shanu. Duk yaron karkara yana ginin shanun laka, amma nasa daban ne. Yana fitar da tozo, yana sa ƙaya a matsayin ƙaho, kowace dabba da irin tsayuwarta. In ya gama ya jera su a rana, yana gyara musu wuri. Mu muna karatu, shi yana kiwo.

Wata rana da na ba sauran aiki, na je na tsuguna gaban wani babba a cikin shanun, na rubuta kalmar sa a ƙasa da yatsa. Na ce, “Sunanshi ke nan. Sa.” Ya sa tafin hannu ya share. Washegari na sake, ya sake sharewa. Sai na bar rubutu a ƙasa. Na ɗebi lakarsa na murza ta kamar igiya, na lanƙwasa na yi s, na yi a, na ajiye gaban san na tashi. Da na waiwayo ya ɗauki s ɗin yana dubawa. Nawa ya tsage a wurin lanƙwasa, don ban iya laka ba. Ya murje shi, ya sake ginawa sumul, ya mayar inda na ajiye.

Sauran yara suka gani suka ce su ma laka suke so. Na bar su, don dama ba mu da alli. A nan na ga abin da ban sani ba duk shekarun da na yi: yaron da ya gina baƙi da hannunsa, ya juya shi, ya shanya shi, ya ɗauko shi gobe, ba ya saurin mance shi kamar wanda ya gan shi a allo. Gindin itacen ya cika da baƙaƙe suna shan rana, awaki suna tattake wasu, ana sake ginawa.

Bello yana gina duk baƙin da na gina, amma bakinsa a rufe. Ran nan na lura ya yi wata dabba da hantsa, ya sa ɗan maraƙi a gefenta. Na ɗauki s da a na ajiye a gabanta, na ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, “Ga wani sa.” Ya ɗauke su ya mayar gaban san. Na dawo da su. Ya sake ɗaukewa. Na dawo da su na ce, “Ai sa na, ga ƙaho nan.”

Ya dube ni, ya ce da wata murya a dushe, “Wagga saniya ta.”

Inna Kulu ta tsayar da saƙa. Ban juya wurinta ba, don in aka yi shewa a irin wannan lokaci yaro yakan koma cikin kwansonsa. Na ce, “Gaskiyarka. To sunanta ya hi wanga tsawo, sai mun ƙaro baƙaƙe.” Muka gina n, da i, da y, da wani a. Haka ya koyi baƙaƙensa, ba bisa jerin littafi ba. Daga saniya muka je maraƙi, muka je ƙaho, muka je ruwa. Magana tana dawo masa kaɗan-kaɗan, yawanci in zai gyara wa wani.

Kada ku ɗauka haka aka yi da kowa. Yara da yawa na wannan shekara sun bar hannuna ba su iya ko sunansu ba. Wasu iyayensu sun wuce Sakkwato neman abin yi, wasu an sa su talla don a ci abinci, wasu suna nan zaune kullum amma hankalinsu ba ya wurin, ban kuwa samo inda zan kama su ba. Aji ya yi yawa, ni kaɗai ne. Shekarar ba ta yi kyau ba.

Da ruwan farko ya sauka baƙin suka fara ɗaure kaya. Ba don an ce musu lafiya ta samu ba, sai don wanda bai yi shuka ba ya san abin da ke jiransa. Ina tattara farantai bayan an tashi Inna Kulu ta zo ta tsaya.

Ta ce, “Malam, gobe za mu tahi. Baƙaƙen ga, wanne da wanne na ba mu kai ba?”

Na ce, “Ba ku kai ba, Inna? Ke da wa?”

Ta ce, “Kunne ba shi da ƙyaure, Malam. Ina nan zaune dut abin da kunka yi.”

Na tsuguna na rubuta gero a ƙasa. Ta sunkuya ta daɗe tana dubawa, tana bin sa da tsinken saƙarta. Ta ce, “Ge.” Ta tsaya. Ta ce, “Ro. Gero.” Ta miƙe ta gyara lulluɓi kamar ba abin da ya faru.

Na zauna na yanka mata duk baƙaƙen daga kwali, waɗanda suka sani da waɗanda ba su kai ba. A bayan kowane sabo na zana abin da zai tuna mata da shi, tsintsiya a bayan ts, ɗaki a bayan ɗ, ɓera a bayan ɓ. Na faɗa mata kowanne, ta maimaita. Ta zuba su a leda ta ƙulle a bakin zane. Washegari ɗakin da suke kwana ba kowa.

Damina ta wuce ban ji labarinsu ba. Mun koma cikin aji, an samo wasu bencuna. Bayan an yanke gero, wata ranar kasuwar Goronyo, ina cikin darasi na ga mutum a bakin ƙofa da ƙwarya a ka, an rufe da faifai. Inna Kulu ce. Muka gaisa, na tambayi Bello.

Ta ce, “Shina lahiya. Yanzu sai an ce mashi shi yi shiru.”

Ta sauke ƙwaryar ta buɗe. Baƙaƙe ne na laka, amma ja, masu tauri, in sun haɗu suna ƙara kamar kasko. Ta ce ɗakinsu ya yi yoyo, kwalayen suka jiƙe suka lalace, amma kafin nan Bello ya riga ya gina duka. Ta kai wa mai ginin tukwane ta gasa mata su tare da tukwanenta. Makarantar garinsu tana rufe, malamai ba su koma ba. Saboda haka in an yi la'asar 'ya'yan maƙwabta suna taruwa a ƙofar ɗakinta, ita tana nunawa, Bello yana gyarawa.

Ta tona cikin ƙwaryar ta fito da guda biyu, ɓ da ɗ. Ta ce, “Waɗanga na munka yi gardama. Ni nic ce wanga na na ɗaki. Shi yac ce wancan na. Hoton ya tahi da kwali. Nic ce ba mu ƙara gaba sai na tambayo mai abin.”

Na duba wanda ta ɗaga. Na ce, “Inna, wanga na ɓera na. Yaron ad da gaskiya.”

Ta juya shi a hannu. Ta ce, “Ashe ɗiyan mutane nika ta sa ma ɓera wurin ɗaki. To, sai in koma in hwaɗi gabansu ni niɓ ɓata. Zai ji daɗi, ɗan banza.”

Ta mayar da su, sannan ta ce karatu ya kama hanya, saura lissafi, don yaran suna tambaya ita kuma ba ta san ta inda ake farawa ba. A kusurwar ajin ina da karan dawa da na yayyanka tsawon yatsa, na ɗaure goma-goma da zare, da shi nake nuna wa yara yadda ɗaya-ɗaya ke taruwa su zama goma. Na kwaso ɗauri da yawa zan zuba mata a ƙwarya. Ta tare da hannu.

Ta ce, “Bar ma ɗiyanka. Kara muna da shi, Malam, shi ɗai na ba su kora ba. Gwada mani ɗaurin kawai.”

Na kwance ɗaya, na ƙirga a gabanta, na sake ɗaurewa. Ta karɓa ta kwance, ta ƙirga, ta ɗaure da kanta, ta miƙo mini abina. Ta rufe ƙwaryarta ta aza a ka, ta ce ba za ta tsaya shan ruwa ba. Motar garinsu tun da rana take tashi, don hanyar ba a bin ta da yamma.